Waiwaye: E. J. Josey da rikicin wariya a ɗakunan karatun Amurka

A shekarar 1960 kotu ta umarci garin Danville na jihar Virginia ya bar baƙaƙen fata su riƙa shiga babban ɗakin karatun garin. Hukumomi suka gwammace su garƙame shi. Da aka sake buɗewa bayan 'yan watanni, sai aka tarar an kwashe kujeru da tebura kaf. Ka shigo, ka duba littafi a tsaye, ka kama gabanka, don dai kada baƙin mutum ya zauna kusa da Bature. A shekara ta gaba, a birnin Jackson na Mississippi, 'yan sanda suka kama ɗalibai tara na kwalejin Tougaloo saboda sun shiga ɗakin karatun Turawa sun zauna suna karatu.

Wannan ɓangaren labarin an fi saninsa. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne, su kansu ma'aikatan ɗakunan karatun, mutanen da kullum bakinsu ilimi na kowa ne, wariyar tana cikin gidansu. A 1936 ƙungiyarsu ta ƙasa, wato ALA, ta yi babban taronta a Richmond, inda aka hana membobi baƙaƙe zama cin abinci tare da sauran. Ƙungiyar ta sha suka, ta ce ba za ta ƙara taro a inda za a wulaƙanta wani ɗanta ba. Amma ƙungiyoyin jihohin kudu ta bar su suna cin karensu babu babbaka.

A cikin wannan hali Elonnie Junius Josey ya shigo sana'ar. An haife shi a Norfolk a 1924, ya yi aikin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi digiri a jami'ar Howard, ya karanta tarihi a Columbia, sannan ya koyi aikin ɗakin karatu a Albany. A 1959 ya zama shugaban ɗakin karatu na kwalejin Savannah a jihar Georgia. Ya nemi shiga ƙungiyar ma'aikatan ɗakin karatu ta jihar, aka ce a'a. Ga takardun shaida, ga muƙami, laifinsa launin fata.

Abin ya zo wuya a taron ALA na 1964 a St. Louis, shekarar da Amurka ta kafa dokar 'yancin jama'a. A wurin taron aka yaba wa ƙungiyar Mississippi kan wani aikinta, alhali ba ta karɓar baƙaƙe. Josey ya miƙe ya gabatar da ƙuduri: daga yau, babu wani jami'i ko ma'aikacin ALA da zai halarci taron ƙungiyar jihar da ke nuna wariya, ko ya yi jawabi a can da sunan uwar ƙungiya. Aka yi ta cacar baki, ƙudurin ya wuce.

A ganina nan basirar mutumin take. Bai roƙi kowa ya so shi ba, bai kuma jira zukata su yi laushi ba. Ya duba abin da waɗannan ƙungiyoyi ke tinƙaho da shi, wato manyan baƙi daga hedikwata da kujera a cikin manya, ya sa aka janye musu. Jihohi huɗu abin ya shafa: Alabama, Georgia, Louisiana da Mississippi. A 1965 ƙungiyar Georgia ta karɓi Josey, ya zama baƙar fata na farko a cikinta. Bayan shekara guda Kotun Ƙoli, a shari'ar Brown da jihar Louisiana, ta wanke wasu baƙaƙe biyar da aka hukunta don sun ƙi fita daga wani ɗakin karatu.

Shiga ƙofa daban, samun murya a ciki daban. A 1970 Josey ya jagoranci kafa dandalin baƙaƙen fata a cikin ALA, kuma a shekarar ya tattara littafin The Black Librarian in America, inda ma'aikata baƙaƙe suka ba da labarin abin da suka gani da bakinsu. Clara Stanton Jones ta zama baƙar fata ta farko da ta shugabanci ALA a 1976, shi kuma ya hau kujerar a 1984. Daga 1986 ya koma koyarwa a jami'ar Pittsburgh har ya yi ritaya a 1995, yana ta jawo matasa baƙaƙe cikin sana'ar, yana kuma matsa wa abokan aiki su juya wa gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu baya. Ya rasu a 2009.

Shekara bakwai bayan rasuwarsa, Carla Hayden, wadda ita ma ta taɓa shugabantar ALA, ta zama mace ta farko kuma baƙar fata ta farko da ta riƙe ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. A watan Mayun 2025 gwamnatin Donald Trump ta sallame ta, ta hanyar gajeren saƙon imel.