Wai me ya sa kalma ɗaya ta Turanci take da ma'ana barkatai?

Tambaya: Malam ni fa kalmar charge ta gama rikita ni, waya a sa ta caji, mai POS ya cire caji, 'yan sanda ma caji ofis. Duk abu ɗaya ne?

Amsa: Uwarsu ɗaya. Kalmar ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, kuma asalin ma'anarta ɗora kaya, irin yadda ake loda wa amalanke. To riƙe wannan ka gani, batir an loda masa wuta, mai POS ya ɗora maka kuɗin aiki, a kotu an ɗora wa mutum tuhuma, wanda kuma aka ce shi ne "in charge" an ɗora masa nauyin wurin ne. Duk dai ɗori ne, kayan ne kawai suka bambanta.

Tambaya: Kenan kowace kalma haka take?

Amsa: A'a. Bank na ajiyar kuɗi ya samo asali daga kalmar Italiyanci mai nufin benci ko teburin 'yan canji, shi kuwa bank na gaɓar kogi ta wata hanya daban ya shigo Turanci.

Tambaya: Wacce ta fi kowa tarin ma'ana?

Amsa: Da can set ce, tana da 430 a babban ƙamus ɗin Oxford na 1989, sai da aka sake bitar run a 2011 aka ƙirga mata 645, a matsayin aikatau kaɗai fa. Amma kafin ka ce Turawa sun cika wahalar da mutane, tuna da "ci" namu, mu ci tuwo mu ci zaɓe mu ci bashi mu ci amana, kasuwa ma ci take yi, kuma ba wanda ya taɓa kawo cokali.

Tambaya: To ya zan gane wacce ake nufi?

Amsa: Dubi kalmomin da ke gefenta, kar ka cafke ma'anar farko da ƙamus ya ba ka. Run da ƙafa gudu ne, "run a shop" kuma gudanar da shago. Akwai wani ƙanena da ya ga allo an rubuta "No parking, fine ₦5,000", shi dai fine ɗin da ya sani na "I am fine" ne, ya jingine babur ɗinsa ya shige kasuwa abinsa. Tara ake nufi, kuma ni na biya.