"Masanin taurari": wa ake nufi?

Da zarar an yi husufin rana, ko an fitar da sabbin hotuna daga madubin hangen nesa na James Webb, ko zaɓe ya ƙarato, sai a ɗauko kalma guda a yi ta juya ta a rediyo da kafafen sada zumunta: "masanin taurari". Da safe a ce wani masanin taurari ya gano tururin ruwa a wata duniya mai nisa. Da yamma kuma a ce wani masanin taurari ya hango wanda zai ɗare kujerar mulki. Mai sauraro ba shi da laifi in ya ɗauka sana'arsu ɗaya.

Ba sai na tsaya bayanin cewa ɗan sama jannati daban yake ba, ko cewa tauraron ɗan Adam na'ura ce da aka harba sama. Kowa ya san wannan. Shi ma mai duba, wanda ke cewa taurari sun nuna masa aurenka ko faɗuwar abokin hamayyarka, Larabci ya daɗe da raba shi da masanin falaki: wancan munajjimi ne, wannan kuwa lissafin tafiyar rana da wata da taurari yake yi. Da 'yan jarida za su riƙa kiran na farko mai duba, da an huta da rabin rikicin.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗaya rabin. Har waɗanda suka raba mai duba da mai kimiyya, yawancinsu sun ɗauka aikin mai kimiyyar bai wuce ɗaga kai sama da dare ba, ya ƙirga taurari ya raɗa musu suna. Shi ya sa in aka karanta tarihin wani farfesa aka ji ya yi digirin digirgir a kan taurari, daga baya ya koma binciken hasken leza, sai a ce ya canza sheƙa, ko ya bar aikin banza ya kama mai amfani. Bai canza komai ba. Tun farko haske yake karantawa.

Masanin falaki yana tambaya ne ina tauraro yake, yaushe zai fito, yaushe zai faɗi. Wanda Turawa ke kiran fanninsa astirofiziks, wato masanin kimiyyar taurari, tambayarsa daban ce: da me aka yi tauraron nan, zafinsa nawa, me yake ci da har ya shekara biliyoyi bai mutu ba? Kuma ba shi da damar zuwa ya ɗebo samfuri. Abin da kawai ke iso masa shi ne haske. A 1835 masanin falsafar nan na Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin sinadaran da ke cikin taurari ba. Maganar ta yi kama da hankali, sai dai a lokacin da ya faɗe ta amsar ta riga ta fara bayyana.

Tun a 1814 wani maƙerin gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje zuwa launukan bakan gizo. Da ya duba da kyau sai ya ga siraran layuka baƙaƙe sun ratsa launukan, sama da 500. Ya zana su, ya sa wa manyan cikinsu haruffa, bai san me suke nufi ba. Biyu daga ciki suna manne da juna a cikin launin rawaya, su ne aka sani da harafin D. Sai a 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka warware zaren a Heidelberg: kowane sinadari yana da launukan da yake fitarwa in ya yi zafi, kuma waɗannan launukan dai su yake haɗiyewa in haske ya ratsa shi. Ka barbaɗa gishiri a harshen wuta, za ka ga ya koma rawaya. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin ne ya ba da wannan launi, a tsawon zango na nanomita 589 (awon da ake bambance launukan haske da shi), daidai inda layukan D suke. Ke nan akwai sodiyam a rana, an kuma gane haka ba tare da an taka ko'ina ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A husufin 1868 aka ga wani layi rawaya kusa da na sodiyam wanda bai dace da kowane sinadari da aka sani ba. Aka raɗa masa suna hiliyam, daga kalmar rana a Girkanci, kuma sai a 1895 William Ramsay ya same shi a doron ƙasa. A 1925 Cecilia Payne ta nuna a kundin digirinta na uku cewa taurari akasari haidurojin ne da hiliyam. Babban masani Henry Norris Russell ya ƙi yarda, har sai da ta sassauta maganar a rubuce, amma a 1929 shi da kansa ya tabbatar da ita. Ina son wannan labari saboda ya nuna irin fagen: ana iya danne ƙaramin ɗalibi na ɗan lokaci, amma layin da ke cikin haske ba ya gogewa don girman wani.

To ina leza ta shigo? A 1917 Einstein ya nuna cewa ƙwayar zarra da ke ɗauke da ƙarin kuzari, in haske mai daidai launinta ya gifta ta, takan saki wani hasken iri ɗaya sak da shi, su tafi tare. In aka tara irin waɗannan ƙwayoyi tsakanin madubai biyu, haske ya yi ta kai da komo yana ninkuwa, sai ya fito siriri, launi ɗaya, tafiya ɗaya. Leza ke nan. Ilimin da ke bayanin baƙin layi a hasken tauraro shi ne dai ke bayanin leza, wato yadda zarra ke karɓar haske da yadda take sakinsa.

Rayuwar Charles Townes ta isa hujja. Ya yi digirin digirgir a Kalifoniya a 1939, ya yi aikin na'urar rada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma Jami'ar Columbia a New York. A can ya duƙufa kan na'urar da ke ninka igiyar rediyo mai gajeren zango da iskar amoniya. Shi da kansa ya ba da labarin yadda manyan malamai biyu na sashensa suka shigo ofishinsa suka ce ya daina ɓarnar kuɗi, abin ba zai yi aiki ba. A 1954 ya yi aiki, aka kira shi meza. A 1958 shi da Arthur Schawlow suka bayyana yadda za a yi irinsa da haske, a 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko da jan yakutu, a 1964 Townes ya raba lambar Nobel da Basov da Prokhorov na Tarayyar Sobiyet. Mutumin da ya kai nan yana iya miƙe ƙafa ya huta. Shi kuwa a 1967 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fuskanci sama. Shi da abokan aikinsa suka gano amoniya da tururin ruwa a sararin da ke tsakanin taurari, ruwan kuma yana ninka igiyar rediyo kamar na'urar da ya ƙera, ba hannun kowa. Daga baya ya kafa madubai a Dutsen Wilson waɗanda ke gauraya hasken tauraro da na leza don auna faɗinsa, a 2009 suka sanar cewa awonsu ya nuna jan tauraron nan Betelgeuse ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 tun 1993. To shi me za a kira shi, masanin leza ko masanin taurari?

Sodiyam ma bai gama aikinsa ba. Ƙyaftawar da tauraro ke yi ba daga gare shi take ba, iskar da ke samanmu ce ke kaɗa hasken, kuma ita ce ke dusashe hoto komai girman madubi. A 1953 Horace Babcock ya kawo shawarar a yi madubi mai lanƙwasa da zai riƙa gyara wannan kaɗawar nan take. Matsalar ita ce ana buƙatar tauraro mai haske a kusa da abin da ake kallo don a auna kaɗawar da shi, kuma ba ko'ina ake samu ba. Sai aka ce a ƙirƙiri tauraron. A nisan kimanin kilomita 90 sama da mu akwai wani siririn shimfiɗi na sodiyam, wanda duwatsun sama ke bari in sun ƙone. Ana harba leza mai ruwan rawaya, a nanomita 589 ɗin nan, ta bugi ƙwayoyin su yi haske, ɗigo ɗaya ya bayyana. Kwamfuta na lura da yadda ɗigon ke rawa, tana tura madubin yana lanƙwasa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. A Paranal ta ƙasar Chile leza huɗu ake harbawa tare daga madubi ɗaya tun 2016. In akwai abin da ya cancanci sunan tauraron ɗan Adam, a ganina wannan ne.

Madubin Keck na Hawai ma yana da irin wannan leza, kuma da shi Andrea Ghez ta yi shekaru tana bin taurarin da ke tsakiyar garken taurarinmu, wato tarin taurarin da ranarmu ke cikinsa. Reinhard Genzel, wanda ya yi aiki tare da Townes a Berkeley, yana bin su daga Chile. Ƙungiyoyin biyu kishiyoyi ne, kowace na jiran kuskuren ɗayar, amma amsarsu ta zo ɗaya: akwai abu a wurin, ba ya haske, nauyinsa ya kai na rana sau miliyan 4, wato abin da ake kira baƙin rami, wanda ko haske ba ya kuɓuce masa. Suka sami Nobel a 2020.

Su ma fa suna hasashe, kuma a nan ne nake ganin rashin adalcin haɗa su suna ɗaya da mai duba ya fi fitowa fili. Akwai tauraro da ake kira S2, yana zagaya wancan baƙin ramin duk shekara 16. An ga ya matso kusa da shi a 2002, aka lissafa zai dawo a 2018, aka kuma faɗi tun kafin lokacin gwargwadon yadda launin haskensa zai karkata zuwa ja in lissafin Einstein daidai ne. Da bai dawo ba, ko da launin bai karkata haka ba, babu wani bayani da zai rufa musu asiri. A watan Mayu na 2018 ya iso, yana gudun sama da kilomita 7,000 a daƙiƙa, launin ya karkata yadda aka ce. Ana sa ran dawowarsa a 2034.