Auna Raɗaɗi ta Hanyar Lura: Yadda Ake Gane Ciwon Wanda Ba Ya Iya Faɗa

A asibiti, an saba ma'aikaciyar jinya ta tambayi majiyyaci inda ke masa ciwo, sannan ta ce ya kimanta zafinsa daga sifili zuwa 10. Wannan tambaya ta yi daidai da ra'ayin da wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Margo McCaffery, ta bayyana a 1968, cewa ciwo shi ne duk abin da mai jin sa ya ce yana ji, kamar dai yadda mai ɗaki ne ya san inda yake masa yoyo. To amma akwai majiyyatan da ba su da bakin ba da amsa: tsohon da cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, da jariri, da wanda aka sa wa bututun numfashi a sashen kulawa ta musamman. Domin irin waɗannan ne aka samar da abin da ake kira auna raɗaɗi ta hanyar lura, wato a karanta fuska da murya da motsin jikin mara lafiya bisa tsari, a ba kowace alama maki.

Ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya, IASP, lokacin da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta jaddada cewa rashin iya magana ba ya kore yiwuwar jin ciwo. Akwai dalilin nanata wannan. Wani bincike da Morrison da Siu suka wallafa a 2000 a Amurka ya nuna cewa tsofaffi masu cutar mantuwa mai tsanani da suka karye a ƙugu sun samu kusan kashi ɗaya bisa uku ne kacal na maganin kashe zafi mai ƙarfi da aka ba takwarorinsu masu cikakken hankali, alhali karayar iri ɗaya ce.

Ma'aunin da ya fi shahara wajen masu cutar mantuwa shi ne PAINAD, wanda aka fitar a 2003. Yana duba abubuwa biyar: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, yadda jiki yake, da kuma ko lallashi yana kwantar da mutum. Kowanne yana ɗaukar maki daga sifili zuwa 2, jimilla 10. Ga ƙananan yara akwai FLACC na 1997, ga waɗanda ke kan na'urar numfashi kuma akwai CPOT, mai maki takwas, wanda har yakan duba ko majiyyaci yana kokawa da na'urar.

Sai dai takardar ma'aunin ba ta aiki sai an san lokacin dubawa. Tsohuwa tana iya kwanciya shiru tun safe, ido a rufe, a rubuta mata sifili. Amma da zarar an zo juya ta domin sauya zanen gado, sai ta damƙe ƙarfen gadon, ta tamke goshi, numfashinta ya yi sama-sama, ta kai wa hannun mai jinyar duka. Wanda bai sani ba zai ce rikicin tsufa ne, a nemo maganin barci. Wanda ya sani zai duba bakinta ko akwai ruɓaɓɓen haƙori, ya taɓa mararta ko fitsari ya taru, ya tambayi yaushe rabonta da bayan gida, ya leƙa bayanta ko gyambon kwanciya ya fara. Shi ya sa ake auna majiyyaci yana hutawa, a sake auna shi yana motsi, domin a wajen motsin ne jiki ke zama magayi.

Abin da nake ganin an fi kuskure a kai shi ne ɗaukar makin lura tamkar makin da mutum ya faɗa da bakinsa. Shida a PAINAD ba ta nufin zafin ya kai shida cikin goma. Tana nufin an ga alamomi da yawa. Tsoro da yunwa da ruɗewa duk suna iya haifar da irin waɗannan alamomi, sannan wanda cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki, ta daskarar masa da fuska zai iya shan azaba ba tare da ta nuna ba. Hawan jini da bugun zuciya ma ba abin dogaro ba ne su kaɗai, musamman a ciwon da ya daɗe.

Saboda haka ake fara gwada tambaya ko yaya, da gajerun kalmomi masu amsar e ko a'a, ko da hoton fuskoki, domin da yawa daga masu matsakaiciyar mantuwa suna iya nunawa. Daga nan a saurari 'yar da ke jinyar majiyyacin, wadda ita ce za ta ce, "Baba ba ya ƙin abinci haka kawai." Idan har yanzu da shakka, likita kan ba da maganin kashe zafi na gwaji, sau da yawa farasitamol, a sake aunawa bayan ya fara aiki. A Norway, wani gwaji da aka wallafa a 2011 kan mazauna gidajen kula da tsofaffi 352 ya nuna cewa magance ciwo mataki-mataki na tsawon makonni takwas ya rage musu tashin hankali da fizge-fizge, kuma alamomin sun fara dawowa bayan an dakatar da maganin.