Sabon maganin sikila: yadda ake yin sa da abin da ke tattare da shi

Labari na yawo a waya cewa an samo maganin da ke raba mutum da sikila. Akwai gaskiya a ciki. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wannan magani mai suna Casgevy ga masu shekara 12 zuwa sama.

Jariri a cikin uwa yana da nasa sinadarin jini, wanda ba ya sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje yadda take yi a sikila. Bayan haihuwa, wata ƙwayar gado mai suna BCL11A takan kashe shi kamar makunnin lantarki. Shi ya sa jinjiri mai SS yakan zauna lafiya lau har wajen wata shida, sannan uwa ta ga hannu da ƙafa sun kumbura, yana ta kuka. Masana suka ce to, a lalata makunnin, jinin jarirai ya dawo.

Aikin ba ƙarami ba ne. Ana tace ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a kai su ɗakin bincike a gyara da CRISPR, dabarar yanka ƙwayar gado kamar da almakashi, abin da ke cin watanni. Sannan a ba shi busulfan, irin maganin ciwon daji, ya share ɓargonsa kafin a mayar masa da ƙwayoyinsa ta jijiya. Nan haɗarin yake. Zai yi makonni huɗu zuwa shida a kwance, garkuwar jiki ta faɗi, baki ya yi gyambo, gashi ya zube, kuma busulfan na iya hana haihuwa har abada. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Wanda aka yi wa ma zai gadar wa 'ya'yansa S, domin gyaran a jini ya tsaya.

Saboda haka duk wanda ya tallata muku kwalba ko allura da sunan wannan magani, ku riƙe kuɗinku.

A nan Sakkwato, a yi gwajin jini kafin a sa rana, a Asibitin Koyarwa na Ɗanfodiyo ko wani ingantaccen wuri. AS da AS, kowane ciki yana da kasadar ɗaya cikin huɗu ta a haifi mai SS, ko an haifi uku lafiya. Mai ciwon ya yawaita shan ruwa a zafin bazara, ya rufe jiki da hunturu, ya kwana a gidan sauro. Ku tambayi likita ko maganin sikila mai suna hydroxyurea ya dace da shi. Zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, a kai shi asibiti a ranar.