Taimakon Ƙaramar Hukuma ga Wanda Ya Rasa Matsuguni a Ingila

A Ingila, doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin taimakon mutumin da ya rasa matsuguni ko yake gab da rasa shi. Tushen wannan alhaki shi ne kashi na bakwai na Dokar Gidaje ta 1996, wadda Dokar Rage Rashin Matsuguni ta 2017 ta yi wa gagarumin gyara da ya fara aiki a ranar 3 ga Afrilu, 2018. Shawara kan sha'anin gida kyauta ce, kuma kowane mazaunin yankin yana da haƙƙin samunta, amma samun gidan kansa yana da sharuɗɗa masu tsauri, kuma a kan waɗannan sharuɗɗa ne akasarin taƙaddama tsakanin masu nema da hukumomi take tasowa.

A idon doka, ba sai mutum ya kwana a bakin titi ba kafin a ɗauke shi a matsayin marar matsuguni. Wanda yake raɓe a falon abokinsa ba tare da wani iko a kan gidan ba, da matar da ba za ta iya komawa gida ba saboda tsoron duka, da iyalin da ke zaune a gidan da ya lalace har zama a cikinsa ya zama haɗari, duk suna iya shiga wannan rukuni. Haka kuma wanda ake sa ran zai rasa gidansa cikin kwana 56 yana da damar neman taimako tun kafin ranar ta zo.

Tarihi

Kafin 1977, hukumomin jin daɗin jama'a ne suke kula da marasa matsuguni, kuma sau da yawa akan raba iyali, a ajiye uwa da yara a wani masauki, a bar uba ya nema wa kansa, wani lokaci ma a karɓe yaran gaba ɗaya. Fim ɗin talabijin na BBC mai suna Cathy Come Home, wanda aka nuna a 1966, ya tayar da hankalin jama'a kan wannan hali. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar Shelter, sannan ƙungiyar Crisis ta biyo baya a 1967, dukansu ƙungiyoyin agaji ne masu taimakon marasa matsuguni. Wata dokar gidaje da aka kafa a 1977 ce ta fara wajabta wa sashen gidaje na ƙananan hukumomi samar da muhalli ga wasu rukunonin marasa matsuguni.

Yadda ake nema

Mai nema yana tuntuɓar sashen gidaje na ƙaramar hukuma, ta waya, ta intanet ko ya je da kansa, kuma akwai lambar gaggawa ta dare da ranakun hutu. Jami'i zai yi hira da shi, ya tambayi dalilin rasa gidan, da yawan iyali, da kuɗin shiga, da lafiya. A nan takardu suke da muhimmanci ƙwarai: fasfo ko shaidar izinin zama, yarjejeniyar haya, takardar sallama daga mai gida, bayanan asusun banki, takardun haihuwar yara, da wasiƙar likita idan akwai ciwo. Wanda iyayensa ko 'yan uwansa suka ce ya tashi, galibi jami'in zai kira su ya tabbatar, har ya gwada sasanta su.

Bayan hirar akan rubuta wa mai nema tsari na kansa, wanda ke fayyace abin da hukuma za ta yi da abin da shi zai yi. Idan bai riga ya rasa gidan ba, hukuma za ta shafe kwana 56 tana ƙoƙarin hana aukuwar hakan, misali ta tattauna da mai gida ko ta taimaka wajen biyan bashin haya. Idan ya riga ya rasa, akwai wani wa'adin na kwana 56 da za ta taimaka masa ya samu wani wuri, sau da yawa ta hanyar biya masa kuɗin ajiya na gidan haya. Tun daga Oktoban 2018, wasu hukumomi kamar gidajen yari, asibitoci da ofisoshin neman aiki wajibi ne su miƙa sunan wanda suka ga yana cikin wannan haɗari ga ƙaramar hukuma, matuƙar ya amince.

Sharuɗɗan samun muhalli

Sharaɗi na farko shi ne cancanta ta fuskar shige da fice. Mafi yawan waɗanda suka shiga Birtaniya da bizar karatu, ta aiki ko ta ziyara, ciki har da ɗalibai da ma'aikata 'yan Najeriya da Ghana, an rubuta a izininsu cewa ba su da damar cin gajiyar kuɗin gwamnati, saboda haka abin da za su samu a sashen gidaje bai wuce shawara ba. Sai dai idan akwai yara cikin ƙunci, sashen jin daɗin yara na iya tallafa wa iyalin a ƙarƙashin sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989.

Na biyu shi ne kasancewa cikin masu buƙatar fifiko. Wannan rukuni ya haɗa da masu ƙananan yara, mata masu juna biyu, matasa 'yan shekara 16 da 17, waɗanda suka tashi a hannun hukuma kuma ba su kai 21 ba, da waɗanda gobara ko ambaliya ta raba da gidajensu. Dokar 2021 kan cin zarafi a cikin gida ta ƙara waɗanda suka gudo daga irin wannan cin zarafi. Sauran mutane, kamar tsofaffi, naƙasassu da masu taɓin hankali, sai an tantance cewa suna da rauni na musamman, kuma a shari'ar Hotak ta 2015 Kotun Ƙoli ta ce a auna su da mutum gama-gari idan ya rasa gida, ba da wanda ya daɗe a titi ba. Gwauro mai ƙoshin lafiya kuwa yakan tashi da shawara da taimakon neman haya kawai, kuma wannan shi ne giɓi mafi girma a tsarin na Ingila. Sikotland ta soke wannan sharaɗi tun ƙarshen 2012.

Na uku, kada a same shi da jawo wa kansa rashin gidan da gangan, kamar wanda ya ƙi biyan haya alhali yana da hali, ko ya kwashe kayansa ya bar gidan da zai iya ci gaba da zama a ciki. Wannan ne ya sa masu ba da shawara suke gargaɗin mai haya da kada ya miƙa makulli don kawai ya karɓi takardar sallama, har sai ya yi magana da hukuma. Akwai kuma batun alaƙa da yanki, wadda akan kafa ta da zaman wata 6 cikin 12 da suka wuce, ko shekara 3 cikin 5, ko aiki, ko dangi na kusa. Idan babu alaƙar, ana iya tura mutum wata ƙaramar hukuma, amma ba za a mayar da shi inda yake fuskantar barazana ba.

Masaukin wucin gadi

Idan hukuma tana da dalilin zaton cewa mai nema ya cancanta, ba shi da wurin kwana, kuma yana cikin masu fifiko, dole ta ba shi masauki nan take yayin da take bincike. Sau da yawa ɗaki ɗaya ne a ƙaramin otal ko a gidan kwana na haɗaka, inda uwa da yara uku za su kwana, su ci abinci, yaran su yi aikin makaranta a kan gado, ga banɗaki da kicin ana rabawa da baƙi. Doka ta hana ajiye iyali mai yara ko mace mai ciki a irin wannan otal fiye da mako shida, amma ana yawan karya wannan ƙa'ida. Tun daga 2023 iyalai da ɗaiɗaikun mutanen da ke zaune a masaukin wucin gadi a Ingila sun haura 100,000, fiye da rabinsu ƙananan hukumomin Landan ne suka ajiye su, kuma wasu akan kai su garuruwa masu nisa da makarantar yaransu da wurin aikinsu. Ƙarancin gidajen gwamnati da tsadar haya sun sa zaman da ake kira na wucin gadi yakan kai shekaru. Tun bayan dokar 2011 da ta faɗaɗa ikon ƙananan hukumomi, hukuma na iya sauke nauyinta ta hanyar samar da gidan haya na 'yan kasuwa, ba lallai sai gidan gwamnati ba.

Ƙalubalantar hukunci

Wajibi ne hukuma ta ba da hukuncinta a rubuce tare da dalilai. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya nemi a sake duba shi, kuma idan sakamakon bai yi masa daɗi ba, yana da wasu kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun yanki a kan kuskuren shari'a. Idan an yi masa tayin gidan da yake ganin bai dace ba, lauyoyi sukan shawarce shi ya karɓa tukuna sannan ya nemi a sake dubawa, domin ƙin tayi na iya sauke wa hukuma nauyinta baki ɗaya. Shelter da Citizens Advice da cibiyoyin lauyoyi na unguwa suna ba da shawara kyauta, masu ƙaramin ƙarfi kuma suna iya samun lauya da kuɗin gwamnati a shari'ar rashin matsuguni. Koke kan jan ƙafa ko kan jami'in da ya ƙi karɓar buƙata tun daga bakin ƙofa yakan bi ta ofishin koke na hukumar, daga nan ya wuce ga mai binciken koke-koke kan ƙananan hukumomi.