Satifiket daban, lasisi daban: abin da dokar zuba jari ta ce kan masu son aikin juya kuɗin jama'a

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari a watan Maris na 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, magana biyu ke yawo a bakin matasan da suka karanta akanta ko tattalin arziki. Wasu na cewa wai yanzu duk wanda ba shi da CFA, wato satifiket ɗin ƙwarewa a nazarin harkar jari, kada ma ya kusanci aikin juya jarin mutane, in ya kuskura shekara 10 ce a gidan yari. Wasu kuma, kuma tasu ta fi haɗari, sun ɗauka da zarar ka ci wata jarrabawa ka riƙe satifiket, shi ke nan, sai ka kama shago ka fara karɓar kuɗi. Ko ɗaya ba haka take ba.

Dokar ta shafi dillalan hannun jari, da masu kula da asusun jari, da masu ba da shawara a kan kuɗi, yanzu kuma har da masu harkar kirifto. Dukkansu sai sun yi rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari.

Ga inda ake ruɗewa. Kamfanin da ke son juya jarin jama'a shi ke neman rajista, sannan ya gabatar da aƙalla mutum uku da ya tsaya musu, ciki har da jami'in da zai sa ido kan bin ƙa'ida. Waɗannan ne hukumar ke tankaɗe da rairaya a kansu: a duba karatunsu, da shekarun da suka yi suna aiki, da rahoton 'yan sanda, su kuma zauna horo da jarrabawar hukumar. Yaron da ya gama bautar ƙasa bara ba ya cikin wannan sahu. Shi zai shiga ne a ƙaramin ma'aikaci, yana tattara alƙaluma, yana rubuta rahoto a ƙarƙashin rajistar kamfanin. Idan aka tambaye shi CFA a wurin ɗaukar aiki, mai kamfani ne ya ga damar tambaya, ba umarnin doka ba ne.

Ita CFA ɗin wata cibiya ce a Amurka ke bayarwa. Mataki uku ce, kuma ko ka haye su duka sai ka nuna awa 4,000 na aiki cikin aƙalla wata 36 kafin ka liƙa haruffan a bayan sunanka. Ba takardar 'yan koyo ba ce. Cibiyar tana da ƙaramin kwas na share fage, Investment Foundations, wanda ba ya buƙatar digiri. A Ingila kuma masu fara aiki kan ɗauki takardar IMC, mai jarrabawa biyu, wadda hukumar kuɗi ta can ta amince da ita. Amma ƙa'idar Landan ba ta hau kan mai aiki a Kano ba. Wadda ke da ƙarfin doka a nan gida ita ce ta cibiyar dillalan hannun jari, CIS, da dokar 1992 ta ba ta iko. Mai son zama dillali ba shi da hanyar kauce mata.

To, shekara 10 ɗin fa? Tana nan a dokar, amma ba don marasa satifiket aka tanade ta ba. Hukuncin tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, na masu tsarin nan ne da ake biyan 'yan farko da kuɗin 'yan baya har ranar da asiri zai tonu. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX da ya rufta da mutane a Afrilun 2025, wanda SEC ta ce bai taɓa rajista da ita ba. Da ma karɓar jarin jama'a ba tare da rajista ba laifi ne mai zaman kansa, ko da ba ka yi niyyar cutar kowa ba. Mai CFA da ya buɗe zauren WhatsApp yana tara kuɗi da alƙawarin riba duk wata ya taka doka, takardarsa ba za ta cece shi ba. Haka takardar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da ake yawan nuna wa mutane: shaida ce kawai cewa kamfanin yana da suna a gwamnati, ba izinin taɓa kuɗin kowa ba.

Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne matashin da aka ɗauka "aiki" yana kawo mutane ana ba shi la'ada. Hukumar ta riga ta gargaɗi masu tallata irin waɗannan kamfanoni a kafafen sada zumunta. Kafin ka karɓi aikin, shiga shafin SEC, akwai jerin kamfanonin da ke da rajista. Adashin mata a unguwa kuwa, inda kowa ke kwasar abin da ya zuba ba tare da alƙawarin riba ba, ba irinsa ake nufi ba.

Tsaurin hukuncin ni ban ga laifinsa ba, duk wanda ya ga yadda gidaje suka tagayyara bayan CBEX ba zai ce an yi yawa ba. Inda nake ganin an bar baya da ƙura shi ne ƙofar shiga. Ana neman shekarun aiki kafin rajista, aikin kuma galibinsa a Legas yake, kaɗan a Abuja. Kuɗin jarrabawar CFA da dala ake biya. Ga kasuwar sukuk, wato takardun jari na tsarin Musulunci, wadda gwamnatin tarayya ta shiga a 2017 da naira biliyan 100, tana neman waɗanda suka san fiƙihun ciniki suka kuma iya lissafi, irin yaran da ke fitowa daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, amma kamfanonin da za su tsaya musu a Kano ko Zariya ba su taka kara sun karya ba.