Nisa da Tsawon Lokacin Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Birane Biyu

Nisan da ke tsakanin birane biyu ta jirgin sama shi ne tsawon hanya mafi gajarta a doron ƙasa daga filin jirgin wannan birni zuwa na wancan. Da yake duniya mulmulalliya ce kamar ƙwallo, wannan hanya yanki ce ta abin da masana ke kira babbar da'ira, wato da'irar da ta raba duniya gida biyu daidai wa daida. Shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar taswira ake ganin jirgin da ya tashi daga Landan zuwa Los Angeles kamar ya yi zagaye ta saman Girinlan da Kanada, alhali kuwa yanke ya yi. Matuƙa jirgin sama kan auna nisa da mil na teku, wanda tsawonsa mita 1,852 ne.

Manyan jiragen fasinja na gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya, a bisan kilomita 10 zuwa 12, amma raba nisa da wannan gudu ba ya bayar da ainihin lokacin tafiya. Lokacin da kamfanoni ke rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya bar wurin da ya ɗauki fasinjoji har zuwa tsayawarsa a wurin sauke su, saboda haka ya haɗa da gangarawa zuwa titin tashi da jiran izinin masu kula da zirga-zirga.

Abin da ya fi tasiri shi ne iska. A can sama akwai wata iska mai tsananin gudu da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda kan ƙara ƙarfi a lokacin hunturu. Tsakanin New York da Landan akwai kimanin kilomita 5,550, amma mai zuwa Landan yakan yi kusan awa 7, mai komawa kuma kusan awa 8, domin na farko iskar tura shi take yi, na biyu kuwa da ita yake kokawa. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya iso Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56 da taimakon guguwar Ciara. Duk da haka bai kamo Concorde ba, jirgin nan mai gudun da ya zarce na sauti, wanda ya yi wannan tafiya cikin ƙasa da awa 3 a shekarar 1996.

Siyasa ma takan ƙara wa hanya tsawo. Tun da Rasha ta rufe wa jiragen Tarayyar Turai sararin samaniyarta a 2022, tafiya daga Helsinki zuwa Tokyo, wadda a da ba ta kai awa 10 ba, ta koma kusan awa 13.

Daga cikin tafiye-tafiye mafi tsawo da ake yi ba tare da yada zango ba akwai ta Singapore Airlines tsakanin Singafo da New York, mai nisan fiye da kilomita 15,000, wadda kan ɗauki sama da awa 18.